Filin jirgin Malam Aminu Kano: me ya kawo jiragen duniya, me kuma ya ɗauke su

Duk wanda ya taso a Kurna ko Gwammaja ko Fagge ko can wajen Jaba da Fanisau ba sai an ba shi labarin filin jirgin Kano ba, da ƙarar jirgi ya girma, akwai gidajen da in babban jirgin alhazai ya taso sai an dakata da hira har ya wuce sannan a ɗora daga inda aka tsaya. Amma tambayar da kullum take dawowa in an zauna a majalisa ita ce wai ya akai filin da ya girmi kowane fili a Najeriya, filin da Turawan Holan da na Ingila da na Beljiyam suke sauka tun ba a haifi iyayenmu ba, yau in mutum zai je Landan ko Amsterdam sai ya fara bi ta Abuja ko Legas, ko kuma ya zaga ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha? Amsar da aka fi bayarwa ita ce zagon ƙasa akai mana, an kwashe jiragen an kai wani wuri. Ni ban ce babu sakaci ba, akwai shi kuma zan zo kansa, amma in ka tsaya a nan kaɗai to rabin labarin ka ji, don abin da ya ɗaukaka filin nan tun farko hamada ce da ƙarancin man da jiragen da suke iya ɗauka, kuma ranar da jirage suka daina jin tsoron hamada ranar lissafin ya canza.

Bari mu faro daga tushe. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, wasu ƙananan jirage guda uku na sojan saman Ingila samfurin DH.9A suka sauka a filin dawakan Turawa a Kano, wani hafsa mai suna Arthur Coningham ne ya jagorance su, daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso suka yi ta yada zango kwana da kwanaki. Daga wannan saukar ake ƙirga tarihin sufurin sama a Najeriya. Abin da yake burge ni a labarin shi ne hanyar da suka biyo, ba ta Legas suka shigo ba, ba kuma ta teku ba, ta Hartum suka bi zuwa Fashir a Darfur zuwa Chadi sannan ƙasar Barno, wato dai tsohuwar hanyar da kakanninmu suke bi a ƙafa da jakuna zuwa Makka ita jirgin ya biyo amma ta baya. Mutanen da suke shekara da shekaru a kan hanyar nan, wasu su tsaya noma a Sudan su tara guzuri, wasu ma ba su ƙara dawowa ba har zuriyarsu ta zama Hausawan Sudan na yau, ita ce jirgi ya yanke cikin 'yan kwanaki.

Sufurin fasinja da wasiƙu na haƙiƙa sai a 1936 ya fara, lokacin Sarki Abdullahi Bayero yana kan gado, kamfanin Imperial Airways ya buɗe layi daga Hartum zuwa Kano a farkon shekarar, sai daga baya cikin shekarar aka miƙa layin zuwa Legas. Ka lura da wannan da kyau, Kano ce ƙofa, Legas ce ƙarshen layi. Wasiƙar da aka rubuto daga Landan zuwa ga gwamna a Legas sai ta fara sauka a Kano.

Sai yaƙin duniya na biyu ya zo ya mai da ɗan filin nan babban abu. A 1940 da Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙin, Bahar Rum ta zama hanyar mutuwa ga jiragen ruwan Ingila, alhali ga sojojinta a Masar suna neman jiragen yaƙi ido rufe. Dabarar da sukai ita ce a loda jiragen a akwatuna gunduwa-gunduwa, a kawo su ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da yanzu take Gana, a haɗa su a can, sannan matuƙa su tuƙo su ayari-ayari ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena ta yanzu, Janaina, Fashir, Hartum har Alƙahira. Abin ya yiwu ne saboda gwamnan Chadi na lokacin Félix Éboué ya bi ɓangaren Janar de Gaulle, da bai bi ba da hanyar ta yanke a tsakiya. Dubban jirage ne suka bi layin nan, kuma a dalilinsa aka inganta titin sauka da rumbunan mai da na'urorin rediyo da wurin kwanan matuƙa a Kano. Da aka gama yaƙi sai kamfanonin fasinja suka tarar da fili a shirye a daidai bakin hamada.

To a nan asalin maganar take. Jiragen shekarun 1940 da 1950 masu farfela ne, man da suke ɗauka ba ya kai su daga Turai zuwa tsakiyar Afirka ko kudancinta a tashi ɗaya. In ka taso daga Tarabulus ka tsallako Sahara, wuri na farko da za ka samu gari babba mai titin jirgi mai kyau da mai da ruwa da abinci da layin dogo da yake kawo man daga bakin teku shi ne Kano, don jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911. Shi ya sa BOAC ta Ingila take sauka a hanyarta ta Legas, Sabena ta Beljiyam take sauka a hanyarta ta Kwango, KLM ta Holan ta fara zuwa a 1947 a hanyarta ta Afirka ta Kudu. Ko a 1960 da rikicin Kwango ya ɓarke Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ta jigilar sojoji, Kano na cikin wuraren da jiragen suke tsayawa shan mai. Akwai tsofaffin hotuna na zamanin da za ka ga mutum a kan raƙumi da kakaki a filin, shi ne mai shelar isowar jirgi.

In ka duba da idon Bakano, wannan ba sabon abu ba ne, zango ne. Yadda ayarin raƙuma daga Gadamas da Agadas suke sauka a Fagge su huta su shayar da dabbobi, haka jiragen nan suke yi, kuma filin ma a gefen Faggen yake. Amma akwai bambanci guda ɗaya mai girma wanda mutane ba sa so a faɗa. Fataken da suke zuwa da raƙuma Kano suka nufo, kasuwar Kurmi suka zo ci, su sauke kaya su ɗauki turkuɗi da fata su koma. Yawancin fasinjojin jiragen nan kuwa ba Kano suka zo ba, wucewa suke, su sauko su miƙe ƙafa su sha lemo su sayi 'yar jakar fata a wurin masu talla su koma ciki. Zango iri biyu ne, wanda ake zuwa dominsa da wanda ake tsayawa don dole, namu na jiragen Turai na dole ne ya fi yawa.

Da jirage masu injin jet irin su Boeing 707 da DC-8 da VC10 suka shigo a ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1960, dolen ta fara kau. Jirgin da zai tashi daga Turai ya dire Legas ko Kinshasa ba tare da ya sha mai a hanya ba, me zai sa ya sauka, ya biya kuɗin sauka, ya ƙona man sake tashi wanda shi ne ya fi cin mai a duk tafiyar, ya ɓata awa guda ko fiye? Kuma ba Kano kaɗai abin ya sama ba, Gander a Kanada da Shannon a Ayalan duk haka suka yi tashe a matsayin wurin shan mai na masu tsallaka Atlantika, duk kuma haka jiragen suka riƙa wuce su ta sama daga baya. Waɗanda suka ci gaba da sauka a Kano bayan nan sun ci gaba ne saboda akwai fasinjan Kano na kanta, lokacin masana'antun Bompai da Sharada da Challawa suna aiki dare da rana, ga injiniyoyi 'yan waje, ga Kwarori 'yan Labanan da suka daɗe a gari har kamfanin Middle East Airlines yake zuwa daga Bairut saboda su, ga masu fitar da fata da kirgi zuwa Italiya da Sifen. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 ya karya naira, wuta ta zama abin da ta zama, masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, a Disambar 1991 kuma gwamnati ta tare a Abuja, ofisoshin jakadanci suka bi ta, filin Abuja ya zama ƙofar arewa ta manyan baƙi. Nigeria Airways da take haɗa Kano da waje ita ma ta durƙushe aka rufe ta a 2003. KLM ce ta fi kowa haƙuri, shekara 65 tana zuwa, sai a watan Yunin 2012 ta dakatar, shekarar da aka kai mummunan harin nan na 20 ga Janairu a cikin gari, kuma da tafiyarta babu sauran kamfanin Turai da yake sauka a lokacin.

Abin da ya riƙe filin bai mutu ba alhazai ne. Nan fa dole a ambaci WAPA, kamfanin jigilar alhazai da Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa a ƙarshen shekarun 1940, da motoci aka fara bi ta Chadi da Sudan kafin a koma shatar jirage. Yaran yanzu in ka ce Wapa canjin dala da riyal kawai suke tunawa, alhali sunan daga harkar alhazai ya samo asali, kuma ba mamaki 'yan canji suka yi sansani a wurin tunda maniyyaci ne farkon mai neman kuɗin waje. Shekaru da yawa kusan duk alhajin arewa ta Kano yake tashi, mutum ya taho daga ƙauyen Katsina ko Haɗeja ko Azare da 'yan rakiya cike da mota, a kwana a sansanin alhazai ana jiran a kira sawu, wani sa'in kwana biyu wani sa'in mako. Ina tuna ranar da muka raka kakarmu, muna yara, ba a bar mu mun shiga ba, muka tsaya a bakin waya muna kallon wutsiyar jirgi har magariba, mahaifiyarmu tana ta kuka tana cewa Allah ya sa a dawo lafiya, don a lokacin in alhaji ya tafi ba ka ƙara jin muryarsa sai ranar da ya sauka. A kan wannan harkar ce kamfanonin jirage na 'yan arewa suka tsaya da ƙafarsu, Kabo Air ta marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo da ta fara a farkon shekarun 1980 har ta kai ga mallakar manyan Boeing 747, daga baya Max Air ta Alhaji Ɗahiru Mangal, sai Azman da Rano da suka zo a baya-bayan nan. Har kalmar 'yan Kano-Jidda daga wannan zirga-zirgar ta fito.

Sai dai ita ma wannan kasuwar ta rabu. Yau Katsina na da filinta, Dutse na da shi, Bauci, Gombe, Birnin Kebbi, ban da Sakkwato da Kaduna da Maiduguri da Yola, kowane gwamna yana son a ce alhazansa daga gida suka tashi. Ga maniyyaci wannan sauƙi ne kuma ba wanda zai yi baƙin ciki da shi, tsohuwa ba sai ta sha wahalar mota ta kwana a tabarma a garin wasu ba. Amma a lissafin filin Kano, ko a shekarun da Najeriya take samun kujera 95,000, kason da yake bi ta nan ya ragu sosai a kan na da. Abin da ya cike giɓin shi ne Umara, musamman ta azumi, da kuma 'yan kasuwar Kwari da Wambai da Singa masu zuwa Dubai da Gwanzu da Alƙahira, da masu zuwa asibiti Masar da Indiya, da ɗalibai. Shi ya sa in ka duba kamfanonin wajen da suka riƙe Kano a shekarun nan za ka ga duk gabas suka fuskanta, Saudia, EgyptAir, Ethiopian, sai Qatar Airways da ta shigo a 2022. Kuma kar a manta da 'yan uwanmu na Nijar, mutumin Damagaram ko Maraɗi Kano ta fi masa kusa nesa ba kusa ba a kan Yamai, in iyaka a buɗe take ta nan ya fi masa sauƙin tashi.

Yanzu bari mu shiga cikin filin kansa, don da yawa muna wucewa ta ciki ba mu san me muke gani ba. A tikiti za ka ga an rubuta KAN, matuƙa kuma DNKN suke kiransa. Titin sauka da tashi guda biyu ne, babban ana ce masa 06/24 tsawonsa ya kai mita 3,300, ƙaramin 05/23 bai kai mita 2,500 ba, shi ya fi yi wa sojan sama aiki don suna da sansani da makarantar koyon tuƙin jirgi a gefen, gine-ginen fasinja kuma suna tsakanin titunan biyu. Lambobin nan ba ado ba ne, alƙibla suke nunawa a kamfas, 06 na nufin digiri 60 wato arewa maso gabas, 24 na nufin digiri 240 wato kudu maso yamma, titi ɗaya ne sunansa ya danganta da ta inda ka shigo. Dalilin shimfiɗa shi a haka kuwa iska ce, jirgi yana son ya tashi ya kuma sauka yana fuskantar iska, mu kuma iskarmu biyu ce, ta hunturu daga arewa maso gabas, ta damina daga kudu maso yamma. Duk manomin da ya san ta inda hadari yake tasowa da ta inda buji yake kaɗawa ya riga ya san rabin wannan ilimin.

Tsawon titi kuma a Kano ya fi muhimmanci a kan garin da yake bakin teku. Filin yana kan tudu kusan mita 470 daga saman teku, ga zafin bazara da yake haura digiri 40, iska mai zafi kuma sakayau take, fiffike ba ya samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinsa raguwa yake, don haka jirgi mai nauyi sai ya yi gudu mai tsawo kafin ya ɗaga. Wannan na cikin dalilan da suke sa a fi son tashin manyan jirage da daddare ko da asuba, kuma shi ya sa wani lokaci za ka ji an rage kaya an ce sa biyo wani sawun, alhaji yana ta faɗa a kan jakarsa bai san lissafin rai ake yi ba.

Sai hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar da take tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi takan rufe gari har ka kasa hango Dala daga Goron Dutse, kuma ita ce babbar mai soke tashin jirage a Kano. Maganinta na'urar saukar da jirgi ce da ake kira ILS, tana harba siginar rediyo iri biyu, ɗaya tana gaya wa matuƙi ko ya kauce dama ko hagu daga tsakiyar titi, ɗaya tana gaya masa ko gangarowarsa daidai take, wajen digiri uku ake so. Amma na'urar hawa-hawa ce, kowane mataki da iyakar ganin da aka yarda a sauka da shi, kuma ba kafa ta ne kawai aikin ba, sai an riƙa gwada ta da jirgi na musamman lokaci-lokaci, sai fitilun titi suna aiki, sai wuta ba ta ɗaukewa, sai shi jirgin yana da kayan karɓar siginar, matuƙin ma yana da shaidar horo a kai. Ɗaya ya ɓace a cikin waɗannan to sai dai a jira gari ya washe. A ganina kuɗin da aka kashe a nan ya fi wanda aka kashe a tayil da gilashi amfani ga fasinja, ko da yake ba ya fitowa a hoto.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, a taswirar matuƙan duniya sararin samaniyar Najeriya gaba ɗaya da sunan Kano aka san shi, yankin kula da jirage na Kano ake ce masa, gado ne daga zamanin da nan ce cibiya. Hukumar NAMA ce take kula da shi, da cibiya ɗaya a Kano ɗaya a Legas, kuma jiragen da suke ratsawa ta sama daga Turai zuwa kudancin Afirka ba tare da sun sauka ba suna magana da ma'aikatan nan suna kuma biyan kuɗin ratsawa. Wato har gobe hanyar tana nan ta kanmu, sauka ce kawai suka daina. Ita kuma FAAN ita ce mai gine-gine da titi da 'yan kwana-kwana, NCAA mai sa ido da ba da lasisi, NiMet mai hasashen yanayi, ga kwastan da jami'an shige da fice da na NDLEA da na lafiya kowa da teburinsa. In abu ya lalace yana da kyau mutum ya san wa zai tambaya.

Ba a maganar filin nan a tsallake ranakun baƙin ciki. Ranar 24 ga Yuni 1956 jirgin BOAC ya faɗi jim kaɗan da tashi bayan ya shiga iskar hadari, mutum 32 suka rasu. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 na kamfanin Jodan da Nigeria Airways ta yi shata ya kwaso alhazai daga Jidda zai kai Legas, yanayi ya sa aka juyo da shi Kano, wajen sauka ya kauce ya kama da wuta, mutum 176 suka rasu cikin 202, a lokacin yana cikin mafi muni da duniya ta taɓa gani. Sai na 4 ga Mayu 2002 wanda da yawanmu mun gani da idonmu, jirgin kamfanin EAS da ya tashi da rana tsaka ya kasa ɗagawa yadda ya kamata ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, sama da mutum ɗari suka rasu har da waɗanda suke zaune a ɗakunansu da ministan wasanni na lokacin Ishaya Mark Aku. A lokacin ana gyaran babban titi ne, da ƙaramin ake aiki, ga zafin Mayu, ka ga maganar tsawon titi da zafi da na yi a sama ba lissafin takarda ba ne. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Gwammajar nan kuma ita ce unguwar da gidan Malam Aminu yake, Mumbayya, mutumin da aka sa wa filin sunansa bayan rasuwarsa a 1983. Filin da aka gina a bayan gari yau gari ya zagaye shi ta ko'ina, kuma duk wanda yake sayar da fuloti ko yake zubar da shara a saitin titin jirgi, inda tsuntsaye za su taru su shiga inji, ya kamata ya tuna ranar nan.

Ta fuskar gini an samu ci gaba, ba za a ƙi faɗa ba. An yi sabon ɓangaren jiragen cikin gida, sannan ga babban ginin jiragen waje da kamfanin CCECC na Chana ya gina, ɗaya daga cikin guda huɗu da aka yi da bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na Chana, sauran suna Legas da Abuja da Fatakwal. Wanda ya san tsohon zauren da ake cunkushewa lokacin Umara ana fifita da fasfo ya san an samu sauƙi. Amma a nan ne maganar sakacin da na ce zan dawo kanta take shigowa. Lokacin korona an rufe jiragen waje a Maris 2020, aka buɗe Legas da Abuja a Satumba, Kano kuwa sai a 2021, watanni ana kallo 'yan kasuwa suna hawa mota ko ƙaramin jirgi zuwa Abuja da kayansu, kuma kamfani in ya saba ɗaukar fasinjanka daga wani gari ba ya gaggawar dawowa. Ga man jirgi da ake ɗaukowa a tanka daga kudu tafiyar kusan kilomita dubu, dole ya fi tsada a nan. Ga matsalar da aka shiga a 2022 da 2023 ta kuɗin kamfanonin waje da suka maƙale saboda ƙarancin dala, wadda ta sa kowa ya rage sawu, kuma in za a rage ai daga gefe ake farawa.

Shi kamfanin jirgi lissafinsa a fili yake. Yana duba kujerun gaba masu tsada, su waye za su cika su duk mako ba sai da azumi ba, Legas tana da ma'aikatan mai da bankuna, Abuja tana da jakadu da manyan gwamnati, mu namu fasinjan yawanci na kujerun baya ne mai kaya niƙi-niƙi. Sannan yana duba cikin jirgin, me zai ɗauko, me kuma zai koma da shi. Jirgi ya zo Kano cike da atamfa da waya da turare ya koma wayam, rabin ciniki ke nan. Mutane sukan ce ai ga kasuwar Dawanau, amma riɗi da zoɓo da citta da ƙaro kaya ne masu nauyi da ba sa lalacewa da wuri, hanyarsu kwantena ce da jirgin ruwa, aikin tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki ke nan. Abin da yake hawa jirgin sama shi ne mai tsada ko mai saurin lalacewa, nama, kayan lambu irin na Kadawa da Kura, fatar da aka gama jima, takalma da jakunkuna, kilishi. Waɗannan kuwa ba sa fita sai da ɗakin sanyi da ba ya ɗauke wuta a cikin filin, da mayanka da ɗakin gwaji da ƙasashen Larabawa da Turai suka yarda da takardarsu, da kwastan da za su sallami kaya cikin awanni. Ga yankin ciniki maras haraji a Fanisau jikin filin, wanda da ma don irin wannan aka yi shi. In da ni ake tambaya ina za a sa naira ta gaba, nan zan nuna kafin a ƙara wani zauren.

Akwai kuma abin da ba ya hannun Kano ko Abuja. Daga Kano zuwa Jidda a miƙe ta saman Chadi da Sudan ake bi, tafiyar awa huɗu da wani abu. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe samaniyarta, jiragen alhazan shekarar sai da suka zaga ta wasu ƙasashen, awanni suka ƙaru, mai ya ƙaru, kuɗin kujera ya ƙaru. Hartum da Fashir da Janaina, garuruwan da jiragen farko suka yi zango kafin su iso mana, su ne waɗanda yaƙin ya fi ɗaiɗaitawa, kuma akwai Hausawa da yawa a cikin waɗanda suka gudu daga gidajensu a can.